Sabulun salo da tokar gona: wace sharar ce ba ta da mai ita?

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma zan ɗan ja zance, a yi mini haƙuri. Mu goma sha biyu ne a adashenmu na unguwa. Bana muka ce maimakon kowa ta ɗauki kwasarta ta sayi atamfa ko kwanuka, mu haɗa kwasa biyu mu kama sana'a guda. Ni na kawo maganar sabulun salo. Kakata, Allah ya jiƙanta, ban taɓa ganin ta aika a sayo mata sabulun wanka ba. Bayan girbi takan tara karan gero ta ƙone, ta tsiyaye ruwan tokar, ta dafa da mai, ta mulmula. Da shi aka yi mana wanka har muka yi wayo. Kwanan baya na shiga wani kanti na ga sabulu a kwali mai kyau, an rubuta da tokar ɓawon koko da na agada aka yi shi, kuɗin guda ɗaya ya isa cefanen yini. Abin ya tsaya mini a rai.

Makon jiya na gwada. Na kwashi tokar murhu na jiƙa, na tace da tsumma, na zuba man gyaɗa na kwalba, na dafa kusan awa biyu. Mai yana sama, ruwa yana ƙasa, sun ƙi haɗuwa. Cikin tukunyar ya yi baƙi ya yi gautsi, yatsuna suka yi sulɓi, washegari fatar ta fara saɓulewa. Ina na yi kuskure? Sannan ga kara da ɓawon gyaɗa da totuwar masara ko'ina kyauta, wanne ya fi ba da toka mai kyau?

Hajiya Inna, Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Tun ina budurwa nake wannan aiki a gidan mahaifiyata, sai da ƙugu ya gaza na bari. Kuskurenki na farko gaggawa. Ruwan toka ba a jiƙa shi a tace nan take kamar kamu. Tukunyar ƙasa ake samu a huda gindinta, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma a ciki, a danna toka sosai, a zuba ruwa kaɗan kaɗan, a tara kasko a ƙasa ya kwana yana ɗiga. Wanda ya ɗigo a sake juye shi kan sabuwar toka. Sannan a ɗora shi a wuta ya yi ta ƙonewa, bokiti guda ya dawo bai fi kwano ba, ya yi ja kamar shayi, bakin tukunya ya fara yin fari fari. To a lokacin ne ake sa mai. Mu man kaɗe muke sawa, ko kitsen shanu da aka narka aka tace, in an samu alayyadi an gama samu. Ki riƙe muciya kada ki gaji. Zai taso da kumfa kamar ya zuba, ki rage wuta, ki ci gaba da tuƙi har ya kama jikinsa kamar tuwo. Yini guda ake ba shi. Kuma tokar murhu ba a yi da ita, 'yata. Daban ake ƙona karan, a wuri mai tsabta, kada ƙasa ta shiga.

Maman Ilham, Zariya

Allah ya saka da alheri Hajiya, ya ƙara lafiya. Wallahi ban ƙone ruwan ba sam. Yaya ake gane ya yi ƙarfin da ake so?

Hajiya Inna, Katsina

Mu da harshe muke gane shi. A ɗan taɓa a kai bakin harshe, in ya cije ka ya yi.

Malam Auwalu mai koyar da kimiyya, Kaduna

Hajiya, Allah ya ƙara girma, duk bayaninki daidai yake da abin da ke cikin littafi, sai dai wannan na harshen ina roƙo kada a koya wa masu tasowa. Ke kin san iya abin da za ki taɓa saboda shekarun da kika yi kina yi, su ba su sani ba. Akwai 'yar takardar gwaji da masu kayan ɗakin gwaje-gwaje ke sayarwa, ba ta da tsada, ana tsoma ta ta sauya launi a duba lamba daga 0 zuwa 14. Ruwan sha yana wajen 7. Fatar mutum wajen 5. Sabulun wanka mai kyau 9 zuwa 10. Ruwan toka mai ƙarfi yakan kai 11 ko ya ɗan haura, sodar sabulu kuma 13 zuwa 14. Ga kuma gwajin ƙwai da masu sabulu suka daɗe suna yi: a saka ɗanyen ƙwai a ruwan tokar bayan ya huce, in ya nutse ruwan bai yi ba, in ya taso kansa ya ɗan leƙo to ya yi kauri.

Maman Ilham, bari in ɗauki abubuwan da suka same ki. Tsiro yana zuƙar sinadarin fotashiyam daga ƙasa. In an ƙone shi komai ya tafi hayaƙi, wannan ya rage a toka, ruwa kuma yana narkar da shi. Shi ne yake karya mai ya mayar da shi sabulu. Amma ba shi da zafin soda, don haka sai an ƙone ruwan ya yi kauri kuma an daɗe ana tuƙi. Tataccen man gyaɗa na kwalba yana daga cikin masu wuyar kamawa da ruwan toka, ga tsada. Alayyadi ya fi saurin kamawa kuma shi ke ba da kumfa, man kaɗe kuma ya ba da laushi. Sulɓin da kika ji a yatsunki, maiƙon fatarki ne ruwan ya fara mayarwa sabulu, shi ya sa ta saɓule. Ki sa safar hannu ta roba. Tukunyar da ta yi baƙi na tabbata ta alminiyam ce, ruwan toka yana cin ta. Ki nemi ta baƙin ƙarfe ko ta ƙasa, kuma kada a ƙara girki a tukunyar da aka dafa sabulu a cikinta.

Wani zai ce a sa kanwa a huta. Kanwa daban, toka daban. Kanwa daga ƙasa ake haƙo ta, irin ta yankin Tafkin Chadi da Manga, sodiyam ne a cikinta, kuma tana zuwa da yashi da gishiri.

Ɗan Bakoye, Maraɗi

Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, kalma guda ta hana ni shiru. Hajiya mai tambaya ta ce kara yana ko'ina kyauta. Wurinmu ba haka ba ne. Karan hatsi da na dawa kuɗi ne. Da shi muke danni, da shi ake rumbu da rufin ɗaki, da shi mata ke tuwo, kuma in rani ya yi nisa, watan huɗu watan biyar, shi ne abincin bisashe, ana kai shi kasuwa a amalanke ana saye. Wanda ma ya rage a gona ba banza yake kwance ba. Shi ke tare ƙasa in iska ta taso, gara ta ci shi ta mayar da shi taki. Mun ga gonar da aka share ƙal aka ƙone, mun ga wadda aka bar wa kara da 'yan itatuwa, irin sassaben zamani da aka fara nan yankinmu tun shekarun 1980. Bambancin a damina ba ya ɓoyuwa.

Kakarki ta ƙone dami biyu ko ukku don wankan gidanta na shekara, wannan ba komi. Amma mata goma sha biyu masu son sayarwa kowane mako, dami nawa za su ƙone? Dami guda tokarsa 'yar kaɗan ce. Hausawa sun ce wanda ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ina gudun a ƙone abincin gona da na saniya don a yi sabulu, a kuma ce an taimaki muhalli.

Sadiq, Abuja

Baba Ɗan Bakoye, na ji maganarka, amma ina ganin ka tsananta. Ni a hanyar Kaduna zuwa Kano duk bayan kaka ina ganin hayaƙi a gonaki, mutane na ƙone kara don su share fili kawai. Ai gara wannan tokar ta shiga sabulu. Kuma duniya ta juya wajen nan. Amurka ta yi doka a 2015 ta hana 'yan ƙwayoyin roba da ake zubawa a sabulun goge fuska, Ingila ta bi a 2018, saboda suna bin ruwa su shiga cikin kifi. Kamfanoni da yawa suka koma niƙa ɓawon 'ya'yan itace suna zubawa. Mu da muke da ɓawon gyaɗa da ƙwallon dabino da dusa tuli, mu ne za mu zauna? A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Wannan dama ce ga irin su Maman Ilham.

Ɗan Bakoye, Maraɗi

Ɗana, wanda ke ƙone gona kuskure yake, sai a hana shi, ba a buɗe masa kasuwar toka ba. Ranar da aka ce ana sayen toka mudu kaza, mai buƙatar kuɗin magani zai ƙone har na saniyarsa. Dusa da ka ambata kuma, je ka tambayi mai kiwon tumaki nawa yake sayen buhu.

Sadiq, Abuja

Maganar dusa na karɓa, Baba. Amma ban yarda a ce kada a taɓa komai ba.

Ɗan Bakoye, Maraɗi

Ban ce kada a taɓa komi ba. Na ce a tambayi mai gona da mai dabba kafin a kira abu shara.

Anti Rabi, Zangon Kumasi

Sallama gare ku duka. Ni a nan aka haife ni, kuma sabulun da kuke kira sabulun Gana a gabanmu ake yin sa. Nan ana ce masa alata samina, Yarabawa kuma ose dudu. Ana cewa mata Yarabawa 'yan kasuwa ne suka kawo shi ƙasar nan, sunan ma daga gare su ya samo asali. Abin da ya sa ya kafu a nan, koko ne. In aka fasa koko aka kwashe 'ya'yan, ɓawon da ke saura ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa, kuma Gana da Kodebuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya. Ku ƙiyasta tulin. In an bar shi jibge a gona yana ruɓewa, cutar da ke baƙanta koko takan samu wurin zama a ciki. Saboda haka mai gona ba ya jin ciwo in mata sun kwashe. Su shanya, su ƙone, su tsiyaye, su dafa ruwan har ya bushe ya zama gari ko dunƙule. Wannan garin ake sawa a buhu a kai kasuwa, har arewa wajen Tamale inda man kaɗe yake da yawa. Mai yin sabulu a can ba sai ta ƙone komai ba, saye take ta narka.

To Maman Ilham, ƙanwata, ku ma kuna da koko a Ondo da Ikom, kuma motocin da ke kai albasa da shanu kudu suna dawowa da goro da manja. Ki tambayi masu kayan sabulu a kasuwa ko suna kawo garin tokar. Amma in faɗa wa Baba Ɗan Bakoye gaskiya, ko a nan akwai malaman gona da ke cewa a mayar da ɓawon ko tokarsa gindin bishiya, don abin da ke sa sabulu ya kama shi ne abin da ƙasar ke rasawa. Ba a gama wannan gardamar ba a wurinmu ma.

Malam Auwalu mai koyar da kimiyya, Kaduna

Anti Rabi ta kawo abu mai amfani. Tokar ɓawon koko da ta ɓawon agada su ne kan gaba wajen ƙarfi. Sai dai a san daga ina ɓawon ya fito, domin ana fesa wa koko maganin cuta mai jan ƙarfe a ciki, kuma ƙarfe ba ya ƙonewa, a toka yake zama. Haka tokar murhu da Hajiya ta hana: yau mata da yawa da leda suke hura wuta, wasu da guntun katako mai fenti. Wannan ba abin shafawa a jiki ba ne.

Daga abubuwa uku da aka tambaya, ni totuwar masara zan zaɓa. Tokarta tana da ƙarfi, ta fi ta ɓawon gyaɗa. Ƙasar Zazzau kuma ƙasar masara ce, daga Giwa da Soba har Saminaka, inda aka yi sussuka da inji totuwa tsibi take. Kuma ga abin da zai kwantar wa Baba hankali: ba sai an ƙone ta a banza ba. Mata goma sha biyun nan kowa ta ware murhu guda ta riƙa girki da totuwa zalla, ba leda, ba kananzir, ta tara tokar a busasshen wuri. An dafa tuwo, an rage sayen itace, toka ta samu.

Ɗan Bakoye, Maraɗi

Wannan na yarda da shi, Malam. Abin da aka tsiyaye ya rage kuma a kai shi gona ko bola ta taki, kada a zubar a kwata.

Ummu Sultan, Kura

Mu kuma a nan ɓuntun shinkafa ne ya ishe mu. Bayan kowane injin casa tudu ne, wani yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi yana shiga gidaje. Masu kaji suna ɗiba, masu turara shinkafa suna hura wuta da shi, amma ba ya ƙarewa. Malam, shi ba zai yi sabulun ba?

Malam Auwalu mai koyar da kimiyya, Kaduna

Ba zai yi ba, Ummu Sultan, kada ki ɓata manki. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, shi ya sa yake taruwa haka, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na tokarsa sinadarin yashi ne, ruwa ba ya narkar da shi. Inda take da rana shi ne wanke-wanke. Ki tankaɗe farar tokar da rariya mai laushi, ki haɗa da ɗan garin sabulu, ki goge bayan tukunya ko tire. Tana kankare baƙi ba tare da kin sayi soson ƙarfe ba. Kada dai a goge jiki da ita, kuma a rufe hanci lokacin tankaɗe.

Ummu Sultan, Kura

Ikon Allah. Iyayenmu da toka da yashi suke darje tukwane dama. Zan gwada yau da daddare.

Sista Bilki, ma'aikaciyar jinya

Ban so katse muku hanzari ba, amma dole in yi magana, don abin da idona ya gani. A ɗakin yara da na yi aiki an sha kawo mana yaran da suka sha ruwan soda a gidajen da ake yin sabulu. Uwa ta jiƙa ta zuba a gorar ruwa ko kofi ta ajiye ƙarƙashin gado, yaro ya taso da ƙishirwa ya ɗaga. Soda ba ta da launi, kamar ruwa take. Bakin ya ƙone, maƙoshi ya ƙone, bayan makonni hanyar abinci ta tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko kunu. Akwai wanda sai da aka huda ciki aka sa masa robar abinci. Har yau ina tuna fuskar mahaifiyarsa.

Ruwan tokar da aka ƙone ya yi kauri shi ma yana ƙuna, kuma launinsa kamar shayi ne ko zoɓon da ya salance, abin da yaro zai so. Don Allah Maman Ilham, in za ku yi, ku ware wuri guda mai ƙofa da kwaɗo, ba a tsakar gida ba. Kada a zuba a mazubin abin sha ko na minti ɗaya. In tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, kada a sa shi amai, don zai sake ƙone hanyar da ya bi. Kada a ɗura masa manja ko lemon tsami. A ɗauraye bakin a tafi asibiti nan take, ko da yaron bai nuna wata damuwa ba. In a ido ne ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20 kafin a kama hanya.

Maman Nana, Gusau

Sista, Allah ya tsare mana zuri'a. Amma ni ina ganin soda ce mai wannan ɓarnar, kayan Bature. Abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Mu tun tasowarmu ruwan toka har a miya ake sawa, ga mu nan lafiya lau.

Sista Bilki, ma'aikaciyar jinya

Yaya, na miya cokali ne a cikin tukunya guda, kuma tsararo ne. Wanda Hajiya Inna ta kwatanta bokiti ne aka ƙone ya dawo kwano. Ai kin ji abin da ya yi wa yatsun Maman Ilham alhali ma bai yi kauri ba. Tunya da zaƙami ma tsiro ne. Kuma tunda an zo nan, sabulun salon kansa ba kowace fata ke ɗaukarsa ba. Jarirai da masu busasshiyar fata da masu kyasbin da ya tsage, yakan ƙara musu zafi, musamman lokacin hunturu. Ƙurjin da ya ƙi warkewa kuma a kai a duba, kada a ce sabulu zai ci shi.

Maman Nana, Gusau

Na ji, zan kiyaye wajen ajiya. Amma maganar jarirai ban sauka ba, 'ya'yana shida da shi na yi musu wanka.

Hajiya Inna, Katsina

Ku duka kuna da gaskiya a wani gefe. Na jarirai daban muke yi. Mai ake rinjayarwa a kansa, a ajiye shi ya kwana arba'in ko fiye kafin a taɓa. Sabon sauka ko babba ya yi wanka da shi sai ya ji yaji. Na kasuwa kuwa ba ki san ranar da aka sauke shi ba.

Mai Kayan Ƙamshi, Kano

Shekara tara ina sayar da kayan gyaran jiki, bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Ba duk baƙin sabulu ne na toka ba. Akwai masu yi da soda, su zuba gawayi ko kala ya yi duhu, su ce na gargajiya ne, don soda ta fi sauri kuma ba ta cin itace. Ni ban ga laifin sabulun soda ba in an auna daidai, laifin a ƙaryar yake. Na toka na gaske yana da laushi, kana matsa shi da yatsa ya lotsa, launinsa ƙasa ƙasa ne mai dabbare, kuma in ka bar shi a buɗe da damina zai jawo danshi ya yi naso.

Wanda ya fi damuna shi ne haɗi. Mace ta sayi salo mai kyau, ta daka, ta juye masa man bilicin da ruwan kwalabe iri iri da ba a san me ke ciki ba, ta ɗan barbaɗa kurkum da garin ɓawon lemo don a gani, ta ce haɗin gargajiya ne zalla. Mai saye ta yi fari a sati biyu, bayan wata shida fuska ta ƙone, gwiwoyin yatsu su yi baƙi. A 2023 NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, har dokar ta-ɓaci ta ayyana kan bilicin. Maman Ilham, masu saye za su tambaye ki ko yana sa haske. In kika ce a'a wasu za su tafi. Ki bar su su tafi.

Malam Ɗahiru, Bici

Allah ya yi miki albarka da wannan magana. Na ga ana ta batun ƙonawa, na ce in tuna mana akwai masu wanki ba tare da wuta ba. Ganyen magarya in aka daka aka kaɗa a ruwa yana kumfa, kuma ya tabbata a hadisin Ummu Aɗiyya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a wanke 'yarsa da ruwa da magarya. Mata suna wanke kai da shi har yau. Aduwa ma ana wanki da ɓawonta, sai dai ni ba na son a riƙa sassaƙe bishiya tana tsaye, haka muka rasa da yawa. Soso kuma ga shi yana bin danga yana bushewa ba mai kulawa, muna sayen na roba.

Injiniya Hadi, Zariya

A gafarce ni in ɗan fita daga sabulu. Magina na dā sun riga mu wannan tunanin. Makuba ɓawon ɗorawa ce, bayan an cire garin da kalwa, a jiƙa a yi yaɓe ko daɓe da ruwanta don kada ruwan sama ya ci. Laso kuma, wato yaɓen da ke hana ruwa ratsa gini, katsi ne na gindin karofi, da gashin da majema suka kankare, da dafara. Sharar marini da ta majemi ita ce kayan aikin magini. Maman Ilham, tunda a Zariya kike, akwai cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa. In kun sauke na farko ku kai ku tambaya ko za su auna muku. In kuma za ku sa a kwali da suna ku kai kanti, sai da rajistar NAFDAC.

Sadiq, Abuja

In sun kai wannan matakin ni zan zana musu kwalin kyauta. A rubuta gaskiyar abin da ke ciki: tokar totuwar masara, alayyadi, man kaɗe. Shi kaɗai ya isa talla.

Maman Ilham, Zariya

Assalamu alaikum. Na dawo bayan sati uku, kada ku ce na ci na goge baki. Mun samu totuwa buhu takwas wajen wani mai injin sussuka a hanyar Giwa. Ba kyauta ba, Baba Ɗan Bakoye, ya ce masu ɗumame da masu gashin masara suna saye, sai da muka biya, ko da yake bai kai kuɗin itace ba. Gida biyar muka yi ta girki da ita, tokar da muka tara gaba ɗaya ba ta cika bokitin fenti biyu ba. Na yi yadda Hajiya ta ce, ɗiga biyu, na ƙone ruwan a tukunyar baƙin ƙarfe har ƙwai ya taso. Alayyadi kashi biyu, man kaɗe kashi ɗaya. Tun hantsi muke tuƙi muna karɓa karɓa, sai bayan la'asar ya kama jikinsa. Da na ga ya haɗe sai da na yi hawaye, ƙamshin ɗakin kakata ne sak.

Curi goma sha tara muka samu. Sista Bilki, a shagon maƙwabciyarmu da ba kowa muka yi, da kwaɗo, yara ba su leƙa ba. Takardar gwajin ta nuna tsakanin 10 da 11, don haka mun jera su a kwando mun rufe, ba wanda zai taɓa sai sun kwana arba'in mu sake aunawa. Da muka yi lissafi, mai ne ya cinye kuɗin, ba toka ba, kuma in muka sayar a farashin na kasuwa da ƙyar uwar kuɗi za ta dawo. Uku daga cikinmu sun ce a koma soda, sauran mun ce a ƙara gwadawa sau biyu tukuna. Anti Rabi, in kin san yadda ake kiran garin tokar kokon nan a bakin 'yan kasuwa ki turo mini, ranar Litinin zan shiga Sabon Gari in tambaya. Hajiya Inna, guda huɗu sun fara naso a ƙasan kwandon, in juya su ne ko in fitar da su inuwa su sha iska?